Gwaggo Ba Ta Ba Wa Mota Baya

Ba gwaggona ba ce, kuma ba ta haɗa jini da kowa a cocinmu ba. Yaran makarantar Lahadi ne suka fara ce mata Gwaggo. Yaran suka girma, sunan bai tsufa ba, har ya zama dattawan da suka girme ta ma haka suke kiranta. A wurin aiki kuwa Mai Tsintsiya ake ce mata, ko da yake duk abokan aikinta tsintsiyar suke riƙewa.

Sharar titi take yi a ƙarƙashin hukumar tsaftar gari. Rabonta shi ne babbar mararrabar da hanyar unguwarmu ta haɗu da titin manyan motoci, inda danja, fitilar nan mai ja da kore, take ba da hannu. Kayan aikinta ba su da yawa: tsintsiya mai doguwar sanda, shebur, rigar nan mai walƙiya da ake ɗorawa a kan kaya, sai baro mai kukan tsiya. Ta hana a sa masa mai, wai don masu tafiya suna kallon waya su san tana tafe.

Aure ne ya kawo ta garin nan. Mijinta maigadi ne, ya rasu tana da sauran ƙuruciya. Ta haihu sau biyu, babu wanda ya kai yaye. Danginta suna nesa; sun yi ta aiko mata ta koma gida, ba ta koma ba, a hankali aiken ya ɗauke. Coci ya zama uwa ya zama uba. Mabuɗin majami'a yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi, a cikin riga, shekara da shekaru. Kowace Asabar in ta tashi daga titi sai ta zo ta share majami'a, ta goge bencina, ta kakkaɓe labule.

"Ta gwamnati da safe, ta Ubangiji da yamma," in ji ta. "Dukansu ba sa saurin sallama, amma ɗaya ba Ya mantuwa."

Akwai abu guda game da aikinta da sai an san shi za a gane sauran labarin. Yawancin masu sharar titi suna bin inda motoci suka nufa, su ba su baya, domin iskar mota tana tura sharar gaba, aiki ya yi sauƙi. Gwaggo ba ta yin haka. Fuskantar motoci take yi, ƙura da hayaƙi duk a fuskarta. A farkon aikinta mota ta kwashe wata abokiyar aikinta ta baya, tana sunkuye, ba ta ma san abin da ya same ta ba. Tun daga ranar Gwaggo ta share, ta share, ta ɗago. Kuma da danja take aiki, don sandar fitilar tana daura da inda take tsayawa: in danja ta tsayar da motoci sai Gwaggo ta sauka kan kwalta, in ta sake su sai ta hau dakali. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka haɗa ta da ita sai ta sha faɗa.

"Mota ba ta da ido. Ke Allah Ya ba ki biyu, kuma a gaba Ya sa su, ba a ƙeya ba."

Auta ɗana ne, shi kaɗai namiji bayan 'yan mata. A ajin Gwaggo ya yi makarantar Lahadi, kuma babu yaron da ya ba ta wuya kamarsa. Da ya gama jami'a ya samu aiki, ya sayi babur, ta mararrabar nan yake bi kowace safiya. Sai suka ƙulla wasa. Ya danna hon sau biyu, ya saki hannu ɗaya ya nuna bayanta.

"Gwaggo, ga ƙasa can kin bari!"

Ita kuma ta ɗaga tsintsiya kamar za ta maka masa.

"Sauko ka share, mai digiri!"

Ban taɓa ganin wasan da idona ba. Shi yake ba mu labari a kan tebur, yana kwaikwayon muryarta har yayyensa su ƙware.

Wata safiyar Talata tifa ɗauke da yashi ta buge shi a tsakiyar mararrabar. Bai kai asibiti da rai ba.

Abin da ya faru a wurin na ji shi daga bakuna da yawa, kuma inda suka dace kaɗai na riƙe. Gwaggo ce ta fara isa gare shi. Ta cire rigarta mai walƙiya ta sa masa a ƙarƙashin kai. Kafin nan jama'a sun jawo direban daga cikin mota, har an fara neman duwatsu. Ta tashi ta ratsa cikinsu, ta tsaya a kan direban, ta gicciye tsintsiya, tana ihu ba laifinsa ba ne, shi aka ba hannu. Da 'yan sanda suka zo ta maimaita musu haka. Sannan ta shiga motar da ta ɗauki Auta.

A zaman makoki ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne Gwaggo ce ta riƙe kansa, kuma kowa yana sa mata albarka. Ta tare a gidanmu, tana wanke tukwane, tana share tsakar gida, ba ta yarda ta zauna ba ko sau ɗaya.

Maigidana dattijon ikilisiya ne, Dattijo ake ce masa. Ƙaninsa lauya ne, shi ya ɗauki zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Wata rana da la'asar ya dawo, ya ja mu ɗaki ya tura ƙofa. Ya ce an gurfanar da direban kan tuƙin ganganci, yana tsare. Ya ce shaidu suna da yawa, amma in aka matsa musu kowa sai ya ce ƙara ya fara ji sannan ya juyo. Mutum ɗaya ce ta gani tun daga farko, kuma ta ce danja Auta ta tsayar.

"Wace ce?" in ji Dattijo.

Lauya ya nuna taga da haɓa. Gwaggo tana sunkuye a kan baho, tana cuɗa gindin tukunya da toka.

Aka kira ta ofishin Baba Fasto bayan sujada. Muna nan ni da Dattijo, da Lauya, da shugabar ƙungiyar mata, wadda muke ce wa Mama Shugaba. Baba Fasto mutum ne mai taushin zuciya, babu abin da yake tsoro kamar ikilisiya ta tsage a hannunsa. Ya buɗe da addu'a mai tsawo. Aka ba Gwaggo kujera, ta zauna a bakin-bakinta.

Lauya ne ya yi magana, kuma cikin ladabi ya yi ta.

"Gwaggo, babu wanda ya ce ki yi wa direba ƙage. Ba mu ce ki ce ya karya doka ba. Abu kaɗan ne. Ki ce kin ba wa hanya baya, kanki a ƙasa, kika ji ƙara kika juyo. Haka masu shara suke aiki, kowa ya sani. Abin da kika faɗa wa 'yan sanda kuwa ruɗewa ce, alƙali zai gane."

"Ni ce na ba wa hanya baya?"

"Magana ce kawai."

"Lauya, ka fita ka tari duk mai tsintsiya a garin nan ka ce mata Gwaggo ta ba wa mota baya. Sai ta yi dariya har ta zauna a cikin baro. To in na ce ban gani ba, shi mutumin fa?"

"Kotu ta san yadda za ta yi da shi."

"Wato ya zauna a can."

Dattijo bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Yaron nan a gabanki ya girma. Yanzu yana kwance ba ya iya kare kansa. Ke ce za ki tsaya gaban duniya ki ce shi ya kashe kansa? Saboda baƙon da ba ki san ko sunan uwarsa ba?"

"Dattijo, shi ma yana da uwar."

Mama Shugaba ta gyara zama. "Haba Gwaggo. Mu fa tsintsiya ne, maɗaurinmu ɗaya. Wa kike da shi a garin nan in ba mu ba? Ranar da kika kwanta ciwo, direban tifa ne zai kawo miki ruwa?"

"Mama Shugaba, a komai kin fi ni, amma ban da tsintsiya. In aka ɗaure ta a karkace, duk inda ta bi sai ta bar layi."

Babu wanda ya yi dariya. Baba Fasto ya murza goshi, ya ce wani lokaci shiru ma ƙauna ce, kuma gidan nan ya sha isasshen baƙin ciki. Gwaggo ta juya gare shi.

"Baba Fasto, in shiru ne zan iya. In ba a kira ni ba, ba zan je ba. Amma wannan ba shiru ba ne, magana ce aka ba ni in faɗa. Ni na koya wa yaron nan kada ya yi shaidar zur. Sai da na ja masa kunne kafin ya haddace. Yanzu ni zan yi ta a kan kabarinsa? In na tsaya gaban Yesu Ya ce me kika gani, in ce Masa me? In ce Lauya ya ce magana ce kawai?"

 Ni kuwa hannuwanta nake kallo. Ta kama mabuɗin ta cikin riga ta matse shi.

Babu wanda ya kore ta. A coci ba a kora, janyewa ake yi. Kwamiti ya zauna ya ga cewa Gwaggo ta manyanta, ya kamata ta huta, matasa su karɓi shara. Aka aiko a karɓi mabuɗi. Ta kwance shi ta bayar, ta bar igiyar a wuyanta. Iyaye suka fara riƙe 'ya'yansu a babbar sujada, ajinta ya yi ta raguwa har aka haɗe shi da na wata. Bencin da take zama a tsakiyar mata ya yi faɗi. Mai zuwa a makare ta gwammace ta tsaya a jikin bango. Ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da ƙoƙo a coci, Dattijo ne yake raba ƙoƙo a layinta. Ya miƙa mata, bai hana ta ba, amma bango yake kallo.

Sai kuma matar direban ta zo bakin ƙofar coci da goyo, ta tambayi Gwaggo, ta durƙusa tana kuka tana godiya a gaban kowa. Kafin Lahadi ta zagayo magana ta gama unguwa cewa an sayi bakin Gwaggo.

Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya fara faɗin haka bai ga Gwaggo a watannin nan ba.

Ni kuwa zama ne ya gagare ni. In na zauna sai in tashi, in wanke kofin da na riga na wanke, in buɗe ɗakin Auta in rufe. A wurin aiki suka ba ni hutu, hutun ya fi aikin wuya. Shari'a kuma sai ɗagawa ake yi: yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba a kawo wanda ake tuhuma ba. Da safe in Dattijo ya fita sai in sa takalmi in ce zan sha iska, ƙafa kuma ba ta san wata hanya ba sai ta mararraba. Nakan tsaya nesa, a gefen wani kanti, ina kallon danja tana juyawa. Ja, kore, ja. Ina auna tsawon lokacin da take ba kowane ɓangare, kamar hakan zai canja wani abu. Abin da yake hana ni sukuni ba danjar ba ce. Fuskar Auta ce. Kullum ina ganinsa ya hango tifar ta taso masa, ya san abin da ke zuwa, babu kowa nasa a kusa.

Daga gefen kantin nake ganin Gwaggo. Ta rame har rigar mai walƙiya tana yawo a jikinta. In danja ta tsayar da motoci sai ta sauka ta share wani wuri guda, ta hau, ta sake sauka ta share shi, alhali babu ko tsinke a kai.

Wata safiya ta jingine tsintsiya ta tsallako.

"Maman Auta, kullum ina ganinki. Ƙafarki za ta kumbura."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Kwana dai an yi shi." Ta share fuska da bayan hannu. "Kin zo ki ce in canja?"

"Na zo in ji ko kin tabbata."

"Na tabbata. Da ban tabbata ba da na fi kowa murna. Kin san abin da nake ce wa Ubangiji? Ina ce Masa, duk ƙurar da nake sha a titin nan, me ya hana Ka zuba mini ita a ido a ranar? Ka bar ni da ido garau, Ka kuma ɗauke mini mutanena. Faɗa nake yi da Shi sosai, Maman Auta. Bai ba ni amsa ba tukuna."

"Amma kina zuwa sujada."

"To gidan wa zan je in yi faɗan?"

Motoci suka tashi, suka wuce. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Akwai saura. 'Yan sanda ba su tambaye ni ba, ban faɗa ba. Ke uwa ce, kina da iko. In kina so yanzu, in faɗa miki."

Na dubi bakinta, na ji ƙafafuna suna so su tafi.

"Ba yau ba."

"To. Yana nan."

Ranar da aka saurari shaidarta ɗakin kotu ya cika da 'yan cocinmu. Fanka ɗaya ce take aiki. Direban yana tsaye a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma: ɗan ƙaramin mutum mai furfura a gemu, rigarsa ta yi masa yawa. Na yi zaton zan ga ƙato. Lauyansa ya kira Gwaggo, aka rantsar da ita, ta faɗi abin da ta faɗa tun farko, ba ƙari ba ragi. Sai mai gabatar da ƙara ya tashi.

"Mama, aikinki shara ne?"

"Shi ne."

"Mai shara ƙasa take kallo ko sama?"

Aka ɗan yi dariya a baya.

"Ƙasa don shara, sama don rai, ranka ya daɗe."

Ta bayyana yadda take fuskantar motoci da yadda take sauka da hawa da danja. Ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can, amsar ba ta motsa ba. Da ya ga haka sai ya ajiye alƙalaminsa ya buɗe hannuwa.

"To mu ce kin ga danja. Marigayin nan kullum ta nan yake bi. Mai hankali ne, mai ilimi, ba mashayi ba. Ki faɗa wa kotu, me zai sa mutum irin wannan ya ga ja ya shiga?"

Ba amsa yake nema ba, so yake alƙali ya ji tambayar. Kuma ƙofa a buɗe take: da ta ce ba ta sani ba, babu mai kama ta, don ba a tambayar mutum abin da ke cikin kan wani. Na ga ta kai hannu wuya, ta sami igiya babu mabuɗi.

"Bai ga jan ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Ni yake kallo."



"Ya danna hon sau biyu, yadda ya saba. Ya saki hannu ɗaya ya nuna bayana, ya ce, Gwaggo ga ƙasa can kin bari. Yana dariya. A daidai nan danja ta juya, na sa ƙafa zan sauka. Motocin gefensa suka taka birki, shi bai taka ba. Na ɗaga tsintsiya da ƙarfi ina ce masa tsaya, tsaya. To kullum in ya tsokane ni tsintsiyar nake ɗagawa. Ya ɗauka wasan ne. Ya ƙara dariya. Bai juya ba har ta same shi. Bai gan ta ba sam."

Dattijo ya tashi ya fita. Takalminsa ya yi ƙara a kan siminti har bakin ƙofa.

A zama na gaba aka sallami direban. A harabar kotu ya nufo Gwaggo zai durƙusa, ta daka masa tsawa ya tashi ya je ya ga 'ya'yansa. Ya tsaya a gabana, na gyaɗa masa kai ya wuce. Amma tun ranar shaidar, a kan matakala, Mama Shugaba ta riga ta yanke nata hukuncin. Ta bi ta gefen Gwaggo, ta ce a hankali yadda kowa zai ji:

"Ashe ma ke ce."

Kalmar ta kama. A dā ana cewa ta ci amanar yaro, yanzu ana cewa ita ta ɗauke masa hankali. Gwaggo ta san haka za a ce tun ranar da ta zauna a bakin kujera a ofishin Baba Fasto. Ƙaryar da Lauya ya miƙa mata ba sunan Auta kaɗai za ta rufe ba, har da nata. Da ta karɓa, da yau mabuɗi yana wuyanta, yara suna ajinta, kuma babu mai rai da ya san da hon biyun ranar nan sai ita.

Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Akwai safiyar da nake tashi da haushinta: me ya sa ta biye wa yaro wasa a kan titi, ita da ta fi kowa sanin titi? Akwai safiyar da haushin nasa ne. Amma fuskar nan da take bina, ta mai hango mutuwa shi kaɗai, ba ta sake zuwa ba. Ɗana yana dariya ne, yana kallon wadda ta san shi tun yana yoyon majina. Da ta yarda ta ce ta juya baya, da har in mutu ban san wannan ba.

Dattijo bai sake ambaton ta ba. Ya nemi a canja masa layin da yake raba ƙoƙo, aka canja. Ba na matsa masa. Shi ma ɗa ya rasa, kuma kowa da inda nasa ciwon yake fita. Baba Fasto ya je ɗakinta sau ɗaya ya yi mata addu'a, ya ce a ba abin lokaci. Mabuɗi bai dawo ba.

Ta roƙi shugabansu na aiki ya mai da ita wani titi, ya ce babu gurbi. Saboda haka tana nan a mararrabar. Abu ɗaya ne ya canja: duk wanda ya gaishe ta daga kan abin hawa, ko wane ne, ba ta amsawa, ba ta ɗaga hannu. Waɗanda ba su sani ba suna cewa tsufa ya sa mata girman kai.

Ranar Lahadi tana zama a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Ni ma can nake zama yanzu, don har yau ba na iya kai ƙarshen wa'azi ban fita na dawo ba, bakin ƙofa ya fi mini. Matasan da suka karɓi shara ba sa shiga ƙarƙashin benci. Ana wa'azi, idonta a kan mumbari, ƙafarta kuma tana tattara yashin da suka bari, a hankali, har ya zama ɗan tsibi. In aka tashi waƙa tana yi da ƙarfi, muryar ba daɗi, kamar dā. Na tambaye ta ko Ubangiji Ya ba ta amsa.

"Tukuna. Amma ban ji Ya tashi daga bencina ba."

Kwanan baya na tsallaka titin, na bar gefen kanti. Na ce ta nuna mini daidai inda take tsaye a ranar. Ta jingine tsintsiya a jikin baro, ta kama hannuna ta hau da ni kan dakali, daura da sandar danja, ta ce nan ne. Ban san lokacin da na juya ina kallon tsakiyar mararraba ba, wurin nan da take yawan sharewa. Na daɗe a haka. Ina jin motoci suna tasowa ta bayana, iskarsu tana kaɗa mini riga.

Sai na ji hannu a kafaɗata, mai kaushi, mai ƙarfi.

"Juyo, Maman Auta," in ji ta. "Ta nan ya taho. Kuma ba a ba wa mota baya."

Na juyo.